SULHU A MATSAYIN MADADIN ƊAURI

1.0 Gabatarwa

Idan aka kama mai laifi, kotu takan yi tambayoyi uku: wace doka aka karya, wa ya karya ta, kuma wane hukunci ya dace da shi? Tsarin sulhu kuwa yana farawa ne daga wanda aka cuta: me ya rasa, kuma yaya za a gyara ɓarnar? Wannan darasi zai bayyana yadda ake karkatar da ƙara daga kotu zuwa zaman sulhu, da sharuɗɗan yin hakan.

2.0 Mafarin Tsarin

A shekarar 1974, a garin Elmira da ke lardin Ontariyo na ƙasar Kanada, wasu samari biyu suka bugu, suka yi ɓarna a wurare 22, inda suka farfasa tagogi da tayoyin motoci. Jami'in da ke sa ido kan masu laifi, Mark Yantzi, ya ba alƙali shawarar a tura su su sadu da mutanen da suka cuta. Samarin suka bi gida-gida suna amsa laifinsu, daga baya suka biya diyya. Masana na ɗaukar wannan shari'a a matsayin tushen tsarin a zamanance.

A 1989 kuma ƙasar Niyu Zilan ta kafa dokar da ta tanadi taron dangi, wanda ya samo haske daga al'adun ƙabilar Mawori. Akan zauna da yaron da iyayensa da wanda aka cuta da ɗan sanda, a ƙarƙashin jagorancin mai shiga tsakani. Sukan tsara neman gafara da biyan diyya da aikin al'umma. Idan yaron ya cika alkawari, kotu na iya sallamarsa ba tare da tabon laifi ba.

3.0 Sharuɗɗa

Ƙa'idojin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2002 sun tanadi cewa:

i. A sami isasshiyar hujjar tuhumar wanda ake zargi.
ii. Ɓangarorin biyu su amince bisa raɗin kansu, kuma kowa na da ikon janyewa.
iii. Idan sulhu ya ci tura, ba za a kafa hujja da halartar wanda ake zargi a kotu ba.

Wajibi ne kuma a lura da bambancin ƙarfi, domin mai rauni na iya yafewa saboda tsoro ko kunyar manya.

4.0 Matsayinsa a Nijeriya

Bahaushe ya daɗe yana kai ƙara zauren mai unguwa ko dagaci kafin ya je gaban alƙali. Dokokin zamani ma sun buɗe wannan ƙofa. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta ba 'yan sanda da masu gabatar da ƙara ikon warware ƙananan laifuffukan yara ta hanyar sasantawa da biyan diyya. Haka nan dokar 2019 da ta mayar da gidajen yari gidajen gyaran hali ta shigar da sulhu cikin hukuncin da ba na tsarewa ba, wanda ya shafi manya. Hikimar ita ce, yaron da aka haɗa da gaggan ɓarayi yakan fito da sabon darasi, ga kuma karatunsa ya tsaya.

5.0 Kammalawa

Tsayawa gaban wanda ka cuta kana kallon idonsa abu ne mai nauyi, wani lokaci ma fiye da bulala. Malami zai gamu da irin wannan a aji, ranar da ɗalibi ya sace littafin ɗan'uwansa. Kafin ya yi tunanin kora, ya kamata ya zaunar da su, a mayar da kayan, a nemi gafara, domin hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Auna Fahimta

1. Bambanta tambayoyin kotu da na zaman sulhu.
2. Kawo laifuffuka biyu da kake ganin sulhu bai dace da su ba, tare da hujja.