"Da Sauƙi" Ba Ta Ishi Mai Jiyya Ba

Kowa ya san yadda mu ke gai da mara lafiya. Ka ce, "Sannu, yaya jiki?" shi kuwa ya ce, "Da sauƙi." Ko ciwo ya hana shi barci kwana uku haka zai amsa, gama kunya ba ta barin mutum ya yi raki a gaban baƙo. Ladabi ne mai kyau, amma bai ishi mai jiyya ba, balle in majiyyacin yana cikin waɗanda likita ya tabbata ba za su warke ba, kamar mai ciwon daji wanda ya riga ya bazu a jiki. Abin da ya rage a yi wa irin wannan mutum shi ne a rage masa wahala. To, yaya za a rage abin da ba a sani ba?

Wata Baturiyar Ingila mai suna Cicely Saunders ita ce ta kafa harsashin wannan aiki. Ta yi aikin nas kafin ta zama likita. Daga 1958 ta yi aiki a gidan jiyya na St Joseph's a Landan, tana zama bakin gadon marasa lafiya tana sauraronsu. Nan ta gane wahalarsu ba ta jiki kaɗai ba ce. Akwai tsoro, akwai tunanin iyali da kuɗi, akwai kuma abin da ke tsakanin mutum da Mahaliccinsa, kowanne yana ƙara wa ɗan'uwansa nauyi. A 1967 ta buɗe gidan jiyya na St Christopher's bisa wannan fahimta.

Da jiki a kan fara. Ba a cewa "yaya jiki?" sai a ce, "Nuna mini wurin. Suka ya ke yi ko zugi ko ƙuna? Da dare ya fi tashi ko in ka motsa?" Sa'an nan a roƙe shi ya ba ciwon maki, daga 0, watau babu, zuwa 10, watau iyakar abin da mutum zai iya ji. Wanda bai saba da lissafi ba ya nuna da yatsun hannu. A 1991 likitoci a birnin Edmonton na Kanada suka fito da takarda mai abubuwa da dama da a ke aunawa, cikinsu har da tashin zuciya da rashin cin abinci. Mu da mu ke koyon aikin malanta mun san amfanin rajista: makin rana ɗaya ba ya gaya maka kome, sai ka jera na mako. Haka nan ne a nan. In jiya 8 ne, yau 3, magani ya kama. In ba haka ba, a gaya wa likita.

Akwai tambayar da kowa ke gudu, ta bayan gida. Morfin, wanda a kan ba su bayan kowane awa huɗu ba tare da jiran ciwo ya dawo ba, yana sa taurin ciki ƙwarai, kuma dattijo ba zai faɗa da bakinsa ba sai an tambaye shi.

A ganina sauran tambayoyin sun fi wuya, don ba su da maki. Me ya fi damunka yanzu? Wani zai ce kuɗin makarantar 'ya'yansa. Wani bashi ne ya ke so ya biya, ko ɗan'uwan da suka yi shekaru ba su magana. Wani liman ko fasto ya ke so a kira masa, wani kuwa a mai da shi gida kawai. Irin wannan magana ba a yinta ɗaki cike da surukai. A jira masu gaisuwa su watse, a zauna, kada a yi ta a tsaye.

Kada kuma a manta da wadda ke kwana a tabarma kusa da gadon, mata ko 'ya. Ita ke juya shi don kada bayansa ya yi gyambo, ita ke wanki. A tambaye ta yaushe rabonta da barci, wa kuma zai karɓe ta gobe.