Me ke sa kwamfuta ta yi nawa wajen kwafe bayanai?

Tun daga ranar 14 ga watan Oktoban 2025, kamfanin Microsoft ya daina tura gyare-gyaren tsaro na kyauta ga akasarin masu amfani da manhajar Windows 10, lamarin da ya bar masu tsofaffin kwamfutoci cikin tunanin mafita.

Batun ya shafi yankin masarautar Gumel a jihar Jigawa, inda shagunan buga takardu da makarantu a Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar ke dogaro da kwamfuta, musamman tun da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a shekarar 2015.

Da yawa daga cikin tsofaffin na'urori ba su cika sharuɗɗan karɓar Windows 11 ba, don haka wasu kan koma ga manhajar Linux wadda ake samu kyauta. Sai dai sauya manhaja kan sa wata kwamfutar ta ƙara sauri, wata kuma ta koma tafiyar hawainiya.

Abubuwa uku

Sirrin yana cikin yadda abubuwa uku ke aiki tare.

Na farko shi ne faifan ajiya, inda takardu da hotuna ke zaune. Na biyu shi ne cifset, wato 'yan ƙananan na'urorin da ke kan babban allon kwamfuta, waɗanda duk wani bayani ke bi ta cikinsu. Na uku shi ne kanel, wato zuciyar babbar manhaja, wadda ke bai wa sauran umarni.

Idan aka kwatanta da kasuwar Maigatari ranar Alhamis, faifan shi ne rumbu, cifset ita ce hanyar da motocin kaya ke bi, kanel kuwa direba ne. Direban da bai san inda ramuka suke ba, ko dai ya rage gudu ko kuma ya zubar da kaya.

A farkon shekarun 2000, lokacin da gwamnatin Ibrahim Saminu Turaki ke ƙoƙarin yaɗa ilimin kwamfuta a Jigawa, hanyar faifai mai sauri tana ɗaukar megabait 100 zuwa 133 a daƙiƙa guda. Amma idan kanel bai gane cifset ɗin ba, sai ya koma tsohuwar hanya wadda ba ta wuce megabait 16 da ɗoriya, inda ƙwaƙwalwar kwamfutar ke dakon kowane bayani da kanta.

Windows XP ma takan rage saurin faifai da kanta idan ta ci karo da kurakurai sau shida, ba tare da ta sanar da mai ita ba.

Lahani daga masana'anta

Wani lokacin kuma laifin daga masana'anta yake.

A shekarar 2001 aka gano cewa cifset ɗin 686B na kamfanin VIA da ke Taiwan yana iya gurɓata manyan fayiloli idan ana kwafe su daga wani faifai zuwa wani. Abin da ya fi muni shi ne kwafin kan kammala kamar lafiya lau, sai an zo buɗewa a tarar ya lalace.

Ba a canza ƙarfen ba. An magance matsalar ne ta hanyar sabunta manhajojin allon, su ma masu rubuta Linux suka koya wa kanel yadda zai kauce wa ramin.

Amma ba kowane lahani ne manhaja ke iya rufewa ba. A watan Janairun 2011 kamfanin Intel na Amurka ya sanar da cewa wasu mashigan faifai a sabon cifset ɗinsa na iya lalacewa a hankali, ya kuma ƙiyasta kashe kimanin dala miliyan 700 wajen gyara da musanya su.

Abin lura kafin sabuntawa

Wannan tarihi na nuna cewa sabon kanel yakan zo da maganin tsofaffin lahani, amma kuma yakan daina kula da na'urorin da suka tsufa ƙwarai.

Saboda haka matakin farko shi ne a kwafe muhimman takardu zuwa wani wurin daban, sannan a buɗe wasu daga ciki a tabbatar sun kwafu daidai.

Ana kuma iya gwada Linux daga filashi ba tare da an taɓa faifan ba, kana a bar tsohon kanel a ajiye domin komawa gare shi idan sabon ya ƙi.

Kada a fara aikin sai da tabbacin wuta, domin ɗaukewarta ana tsakiyar sabuntawa na iya hana kwamfutar tashi.

Idan kuwa faifan ne ya gaji, babu kanel ɗin da zai farfaɗo da shi. Faifai mai juyawa ba ya cika wuce megabait 200 a daƙiƙa, yayin da nau'in SSD ke kai wa kusan 500 a kan allon da ke da mashigar da ta dace, kuma sau da yawa sauya shi ya fi sayen wata kwamfutar arha.