Keken Titaniyam Mai Ƙananan Ƙafafu: Yadda Ake Ƙera Shi

Duk ɗalibin da ya taɓa fasa ƙashin cinyar kaza ya ga rami a tsakiyarsa. Wannan rami yana rage wa ƙashin nauyi ba tare da ya rage masa ƙwari sosai ba, kamar dai yadda gora take. A kan wannan ƙa'ida ta bututu ake gina gangar jikin keke. A wannan maƙala za mu duba wani irin keke mai ƙananan ƙafafu da ake ƙera wa mutum daidai da jikinsa, daga ƙarfen da ake kira titaniyam.

Asalin Ƙarfen

Wani limamin coci a Ingila, William Gregor, shi ya fara gano titaniyam a cikin baƙin yashi a shekarar 1791. Sai wajen 1940 William Kroll ya kammala hanyar tace shi da ake bi har yau. Ƙarfen ba shi da ƙaranci, don shi ne na tara wajen yawa a ɓawon duniya. Ana samun ma'adininsa a Saliyo, ana kuma samunsa cikin ragowar ƙasar kuza a tsaunukan Jos. Wahalar tacewa ce ta sa shi tsada.

Santimita guda murabba'in kwaba ta titaniyam nauyinta giram 4.5 ne, alhali ta baƙin ƙarfe giram 7.8 ce. Ba ya kuma yin tsatsa, saboda da zarar iska ta taɓa shi sai wata siririyar fata ta rufe shi. Wannan fata ce ta sa jikin ɗan Adam ba ya ƙin sa. A 1952 wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, ya tarar ƙashin zomo ya manne da titaniyam ƙam, daga nan aka samo dabarar dasa haƙora.

Me Ya Sa Ƙananan Ƙafafu?

Injiniya Alex Moulton ne ya fito da keke mai ƙafafu inci 16 a Ingila a 1962. Ƙaramar ƙafa ta fi babba ƙwari, tunda sifok ɗinta gajeru ne, ga sauƙin tashi daga tsaye, ga sauƙin ajiya a ɗaki ko a jirgin ƙasa. Amma tana da illa biyu. Ta farko, tana faɗawa ƙaramin ramin da babbar ƙafa za ta haye, shi ya sa Moulton ya sa wa kekensa roba mai shanye jijjiga. Ta biyu, zagayenta kimanin mita 1.3 ne, na ƙafa mai inci 28 kuwa mita 2.2. Wato a tafiyar kilomita ɗaya ƙaramar za ta juya kimanin sau 770, babbar sau 450. Don kada mahayi ya galabaita da taka feda, sai a ƙara girman farantin haƙora da ke jan cen.

Aikin Ƙira

Maƙeri yakan fara da awon mahayi kamar yadda tela yake yi: tsawon ƙafa, tsawon hannu, da tsawon gangar jiki. Da wannan awo zai san nisan sirdi daga kan keke. Ba zallar titaniyam ake amfani da shi ba, ana gauraya shi da alminiyam kashi 3 cikin ɗari da banadiyam kashi 2.5. Da yake ya fi baƙin ƙarfe saurin lanƙwasa kusan ninki biyu, akan zaɓi bututu mai ɗan faɗi, musamman dogon sandan da ke ɗauke da sirdi.

Walda ita ce wurin haɗari. Titaniyam yana narkewa a digiri 1,668, kuma idan ya yi zafi yakan zuƙi iskar oksijin da naitirojin, ya zama mai saurin tsagewa. Saboda haka mai walda yana goge bututun tas, ba ya barin ko maiƙon yatsa, sannan ya lulluɓe wurin da iskar agon ciki da waje. Launin waldar ne ke ba da shaida. In ta fito fara kamar azurfa, aiki ya yi kyau. In ta yi shuɗi ko toka-toka, iska ta shiga, kuma irin wannan gaɓa tana iya ɓallewa mahayi yana tsakiyar gudu. Idan aka yi aikin daidai, sakamakon abin mamaki ne: keken titaniyam mai naɗewa da kamfanin Brompton na Landan ya fitar a 2022 bai kai kilo 8 ba.

Gwaji Don Aji

Malami zai iya nuna wannan ƙa'ida da takarda biyu masu girma ɗaya. A naɗe ɗaya siririya ƙam kamar tsinke, a naɗe ɗayar ta zama bututu mai faɗin babban yatsa, a liƙe su. A ɗora kowace a kan duwatsu biyu kamar gada, a riƙa rataya mata ƙusoshi a tsakiya har ta lanƙwashe. Ɗalibai su ƙirga ƙusoshin, su kuma kawo ƙashin kaza su kwatanta.