Tunatar da Iyaye Ranar Riga-kafi

Riga-kafin yaro a Nijeriya ba aikin rana ɗaya ba ne. Ana fara shi da haihuwa, a koma da jariri a mako na 6, na 10 da na 14, sannan a wata na 9 domin allurar ƙyanda da ta shawara. Allurar Penta, mai kariya daga mashaƙo da tarin shiƙa, sai an yi ta sau uku kafin ƙarfinta ya cika. Ɓarkewar mashaƙo a Kano a 2023 ta fi aukawa yaran da ba su samu wannan kariya ba.

Yara da dama kan karɓi ta farko, ba a dawo da su ba. Sau da yawa mantuwa ce: aikin damina ya taso, ko kati ya ɓata, ko uwa ba ta karatun boko.

Tsarin tunatarwa matakai biyu ne. Kafin ranar, asibiti kan aika saƙon waya ko a kira gida da Hausa. Idan ranar ta wuce, a duba rajista, a tura ma'aikaciyar sa-kai ta bi sawun yaron.

Sai dai a gidaje da yawa izinin fita da kuɗin mota suna hannun maigida, shi kuwa a sahu ake samunsa. Saboda haka sanarwar kwamitin masallaci bayan sallar Juma'a, mai ambaton rana da wuri, takan isa inda saƙon waya bai kai ba.