Kare da Dodo: Majigin Zane na Amurka a Ma'aunin Tatsuniya

A shekarar 2021 kamfanin Warner Bros. na Amurka ya fito da wani majigin zane, watau katun, wanda ya haɗa karnuka biyu da yara suka daɗe da sani, Scooby-Doo da Courage. Kowanensu da nasa jerin labarai da nasa magoya baya, sai aka ɗebo su aka zuba cikin labari guda. Wannan dabara ba baƙuwa ba ce ga wanda ya tashi da tatsuniya, domin ita ce ke sa Gizo ya tarar da Ɓotorami, ko kura ta faɗo cikin labarin da ba nata ba. Abin da ya cancanci nazari shi ne yadda kowane ɗaya daga cikin karnukan ke fuskantar abin tsoro, da kuma inda suka yi tarayya da karen tatsuniyoyin ƙasar Funtuwa da Malumfashi.

Scooby-Doo ne babba. Joe Ruby da Ken Spears suka ƙago shi wa kamfanin Hanna-Barbera, aka fara nuna shi a talabijin a 1969. Ƙaton kare ne mai kwaɗayi da ragwanci, yana yawo cikin mota tare da samari biyu da 'yan mata biyu. Tsarin labaransa na asali kusan ɗaya ne kullum: a ce fatalwa ta addabi wani tsohon gida ko ma'adina, mutane su watse, yaran su bi sawu, daga ƙarshe a cafke fatalwar a tuɓe mata fuska, sai ga mutum ɗan'adam mai neman ya kori jama'a don ya mallake fili ko dukiya.

Shi kuwa Courage, John R. Dilworth ne ya zana shi, aka nuna jerin labaransa a tashar Cartoon Network daga 1999 zuwa 2002. Sunansa na nufin jarumta, alhali ba a yi matsoraci kamarsa ba. Yana zaune a gidan gona tilo a tsakiyar fako, a wani ƙagaggen wuri cikin jihar Kansas, tare da wata tsohuwa mai tausayi, Muriel, wadda ta tsince shi yana ɗan kwikwiyo, da mijinta Eustace, tsoho mai baƙar zuciya da rowa. A nan babu fuskar da za a tuɓe. Abin da ya zo cikin dare, da gaske ya zo, kuma kare ne kaɗai ke fara ganinsa. Yakan yi ta karkarwa yana nuni, tsofaffin ba su fahimta, amma duk da haka sai ya shiga inda yake tsoro ya ceto uwar ɗakinsa.

A majigin 2021, wanda Cecilia Aranovich ta ba da umarni, wani baƙon sauti ne ya ja Scooby har gonar su Courage, inda manyan ƙwari masu ƙugi suka mamaye wurin. Masu shirin sun so su gamsar da ɓangarori biyu: an tuɓe wa miyagu fuska yadda mabiya Scooby suka saba, sa'an nan aka ɗora asalin abubuwan al'ajabi a kan wani dutse da ya faɗo daga sama ya nutse a ƙarƙashin ƙasa. Wannan sulhu ya rage wa Courage kaifi, domin daɗin labaransa na farko shi ne ba a faɗin dalilin abin tsoro. Thea White, wadda ta ara wa Muriel murya tun farko, ta rasu a Yulin 2021 kafin majigin ya fito.

To, ina karen Bahaushe ya tsaya? A zancen yau da kullum ba shi da daraja. Ana zagi da sunansa, ana kiran ɗan koren mai mulki karen farauta, ana cewa in ka ga kare na shinshinar takalmi ɗauka zai yi. Amma a gona da daji lissafin ya sha bamban. Ƙasar Funtuwa, Bakori, Ɗanja, Ƙafur da Malumfashi ƙasar auduga ce da dawa da masara, kuma ban da garuruwa masu ganuwa akwai gidajen gona da ke warwatse, musamman na Maguzawa, waɗanda masani Murray Last ya zauna cikinsu a wajen Malumfashi a farkon shekarun 1970. A irin wannan gida, inda maƙwabci ke da nisan kira, kare ne ƙofa, shi ne mai gadin rumbu da turke. Malaman Malikiyya ma sun halatta ajiye shi don farauta da tsaron dabbobi da shuka. Har wa yau akwai camfin cewa kare na ganin abin da idon mutum bai gani, shi ya sa kukansa na tsakar dare ke sa tsofaffi yin shiru.

Tatsuniya ta bi ra'ayin gona, ba na gari ba. Cikin labaran da Frank Edgar ya tara ya buga tsakanin 1911 da 1913, da waɗanda Tremearne da Rattray suka buga a 1913, Dodo halitta ce ta gaske, mai gashi da ƙarfi, mai haɗiye mutane, mai tsare rafi. Akwai kuma wani zubi da ya bazu a Afirka ta Yamma: maharbi ko yaro ya bar karnukansa a ɗaure a gida, Dodo ko mayya ta kore shi ya haye bishiya, ana sarar gindinta, shi kuwa yana kiran karnukan ɗaya bayan ɗaya da sunayensu har su tsinke igiya su zo. Wannan kare ɗan'uwan Courage ne ta wajen aiki, ko da yake ba ya karkarwa. Tatsuniya ta bar tsoro a wurin mutum, ta ba kare zuciya; majigin Amurka ya juya abin, ya ɗora wa kare tsoron don yaro mai kallo ya ga kansa a cikinsa.

Salon Scooby ma yana da dangi a ƙasar nan, sai dai ba a tatsuniya ba. Dodon tsafi da aka sani a wasu al'ummun kudancin Zazzau mutum ne cikin shiga, manyan maza sun san ko wane ne, mata da yara an hana su sani. Bambancin shi ne a can tuɓe wa dodo fuska babban laifi ne, a majigi kuwa shi ne ƙarshen kowane labari.

Yaron Funtuwa na yau ya fi samun waɗannan karnuka a tauraron ɗan'adam da wayar hannu fiye da yadda yake samun Dodo a bakin kakarsa, kuma da Turanci yake jin su. Ibrahim Yaro Yahaya ya mayar da tatsuniyoyi cikin littattafan makaranta tun farkon shekarun 1970, amma littafi ba ya gasa da hoto mai motsi. A ƙauyukan yamma da Funtuwa, wajen Faskari da Sabuwa da Ɗandume, inda hare-haren 'yan bindiga suka tayar da gidajen gona da yawa, hirar dare a tsakar gida ta ragu, haushin kare kuma ya daina zama zancen aljanu.