Ƙarfen Liƙi: Wane Ya Dace da Mai Koyo?

A ƙauyukan Maraɗi da Damagaram, rediyo da tocila da yawa suna ajiye cikin ɗaka, alhali waya guda ce ta tsinke wurin zaman pil. Ƙarfen liƙi da ƴar dalma sun isa gyaranta.

To, wane ƙarfe za a saye? Mai kuran na Nijelek, wato volt 220, ya nemi ƙarami mai wat 25 zuwa 40, mai bakin tsini. Babba mai wat 100 na masu liƙin kwano ne: yana narkar da roba, ya ƙone cikin rediyo. Mai batirin sola ya tambayi na volt 12. Inda babu ko ɗaya, mai kan jan ƙarfe da ake sawa cikin garwashi yana aiki, sai dai yana hucewa da sauri.

Waya ake liƙewa, ba jikin pil ba. Zafi yana kashe pil, batirin salula kuwa yana iya kamawa da wuta. Bayan aiki a wanke hannu da sabulu kafin cin tuwo, don dalma guba ce, balle ga yara.