Amsar Wasiƙunku: Yadda Ake Binne Notocin Gindin Inji

Wani mai sauraronmu daga Bunkure ya rubuto cewa ya sayi tsohon injin Lister da kan casar shinkafa, yana tambaya yaya zai kafa su kada kuɗinsa su tafi a banza. To, Malam, ga amsa, kuma ta shafi duk mai niyyar wannan sana'a.

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974 ruwa ya samu a Kadawa da Kura da Bunkure, shinkafa ta yawaita, injinan casa suka biyo baya. Irin wannan Lister mai tafiya a hankali, a Ingila aka fara ƙera shi a 1929, aka daina a 1987, amma Indiya ta ci gaba da kwaikwayonsa. Saboda haka kada ka ari awon ramukan injin maƙwabcinka, ko da ka ga sun yi kama. Injinka shi ne ma'auninka.

Dalili kuwa, ƙafar injin ƙarfen zubi ce. Ba ta lanƙwasa, sai dai ta tsage. In noti ɗaya ya kauce da rabin inci ka ce sai ka buga shi da guduma, to ka jawo wa kanka asara ana tsakiyar kaka.

Ga yadda za ka yi. Da farko sa kafinta ya haɗa maka firam na katako mai kauri. A ɗora ƙafar injin a kai, a zana kowane rami, a huda daidai wurin. Sai ka rataya dogayen notocin a ramukan katakon, kowanne da lanƙwasa a ƙasa don kankare ya riƙe shi. Ka bar isasshen tsawo a sama, wanda zai ratsa ƙafar injin har a ɗaure.

Na biyu, zura wa kowane noti guntun bututu mai faɗi, ka toshe bakinsa da tsumma. Wannan shi zai ba notin ɗan wurin motsi ranar ɗora inji.

Na uku, kafin a zuba kankare, ja igiya daga fulin inji zuwa fulin kan casa su tsaya a layi ɗaya. In sun saɓa, bel zai riƙa zamewa yana cinyewa.

Kwaɓin kuwa, kwano ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. Ka tuna ƙasarmu ta noman rani ruwa yana kusa, don haka a haƙa har a taras da ƙasa mai tauri, a kuma ɗaga dakalin sama da daɓe. Ana zubawa kana sake awo, domin nauyin kankare yana ture noti.

Daga nan sai haƙuri. A riƙa ba shi ruwa kwana 7, amma ƙarfinsa ba ya cika sai kwana 28. Bayan an ɗora inji an daidaita shi da ma'aunin magina, a cika bututun da ruwan siminti, ya bushe, sannan a ɗaure notocin kaɗan-kaɗan, wannan kusurwa sai mai kallonta. In ya yi mako yana aiki, a sake bin su da sifana.

Allah ya sa albarka a sana'a. Sai mun ji daga gare ku.